Jirgin Lurwanu a Saman Sorona

In za a ba da labarin Lurwanu, ni ya kamata in bayar, don babu wanda ya sa masa ido kamar ni. Shekara arba'in ina kallon mutumin nan, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba kallon ƙauna zalla ba ne. Sunana Zubair. Tare muka tashi a unguwar Harra ta Yamma a Madina, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji, nasa daga Damagaram, nawa daga Haɗeja, suka zo ziyara Madina suka ƙi komawa. Mu kuwa a nan aka yanke mana cibi, a kan baƙin dutsen Harra muka fasa yatsun ƙafa muna buga ƙwallo.

Tun muna yara yake ba ni haushi. Mu tafi makaranta da farar jallabiya iri ɗaya, tawa ta dawo kamar an goge gindin tukunya da ita, tasa fes. In aka aike mu sayo burodin tamis, nawa ya huce a hanya, nasa ya iso da zafinsa. Babata ba ta da wata waƙa sai, “Ka dubi ɗan Ƙaltume.” To, na dube shi. Har yau ban daina ba.

Abu ɗaya ne ya sa ake ce masa shashasha, shi ne jirgin sama. Ana tsakiyar wasa, da ya ji ƙarar jirgi zai tsaya cak, baki buɗe, ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya haddace lokacin saukar jirgin Jidda da na Riyad. Ya ce shi makarantar tuƙin jirgi za shi, kuma wallahi da ya je, don kansa yana ja. Sai babansa, Malam Ɗanlami, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, bai sake tashi ba, Lurwanu na shekarar ƙarshe a sakandare. Ya bar masa uwa da ƙanne mata biyar da shagon ɗinkin kujerun mota a unguwar Sultana. Ranar da aka share makoki Lurwanu ya hau keken ɗinki, bai sake maganar makaranta ba.

Ni na zaci zai lalace a shagon nan, ya zama mai ƙunci irin na mutanen da aka raba da burinsu. Ina! Mutumin nan ya mayar da ɗinkin kujera abin kallo. Tef a wuya, alli a bayan kunne, ya shafa kujera sau ɗaya da tafin hannu ya san inda soso ya mutu. Direbobin tasi daga Ƙuba suke zuwa su yi layi, ya ce musu sai jibi, su ce sun ji. Bai taɓa ɗaga murya ba. Ya aurar da ƙannensa biyar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi nasa auren, ya haifi Saif, aka koma kiransa Abu Saif. Ni kuwa ɗan haraj ne, wato kasuwar gwanjon tsofaffin kaya. Daga la'asar zuwa isha'i ina saman akori-kura ina tsage maƙogwaro a kan tsohon firji da katifar da wani ya gaji da ita. Na fi shi samu, wannan ba gardama. Amma in aka zo ɗaurin aure, shi ake matsa wa a zauna kusa da liman.

Zancen jirgin ya faro ne a 1996. Akwai wani Injiniya Ya'u, Bazazzagi, yana aikin lantarki a Yanbu, iyalinsa na Ƙuba. Kwangilarsa ta ƙare zai yi huruj, wato komawa Najeriya gaba ɗaya, sai ya kira ni in saye kayan gidan a dunƙule. Na ɗauki Lurwanu don ya duba mini kujerun falo, ya gaya mini ko za su gyaru. Muna zagayawa, sai na yi tuntuɓe da wata doguwar jaka a jikin bangon tsakar gida, ta fi motata tsawo.

Na ce, “Injiniya, tanti ne?”

Ya yi dariya ya ce, “Jirgi ne, Malam Zubair. Jirgin da ba shi da inji.”

Ya zuge jakar, ya zazzaro bututun alminiyam da wayoyi da wani ƙyalle mai santsi, ja da fari da ruwan ɗorawa. Cikin rabin awa ya harhaɗa, sai ga wani ƙaton fiffike mai kusurwa uku ya cika tsakar gidan. Ya ce mutum rataye kansa yake yi a ƙarƙashi, ya riƙe sandar nan, ya sheƙo a guje daga kan tudu, iska ta ɗauke shi. Wani Bature abokin aikinsa ne ya sayar masa da zai tafi, shi kuma sau uku kacal ya gwada, matarsa ta ce ba da ita ba.

Na ce, “Ko kyauta ka ba ni, ina zan kai shi? Wa zai taya wannan a haraj?”

Ban lura da Lurwanu ba sai da na juya. Ya durƙusa yana bin ɗinkin ƙyallen da yatsa, layi bayan layi, bakin nan a buɗe irin na da. Ya ɗago ya kira ni da sunan 'yata, ya ce, “Abu Sundus, ka fita daga cinikin?” Don a wurinmu ba ka shiga cinikin ɗan'uwanka sai ya ce ya fita da bakinsa.

Na ce, “Na fita, har da takalmana.”

Nan take ya taya, Injiniya ya sallama. Muka ɗaure jakar a saman mota, ina yi masa tsiya tun daga Ƙuba har Harra. Na ce ya sayi rumfar da ba ta da ƙafa. Shi dai murmushi kawai yake yi, yana leƙa igiya ta taga.

Ba a yi wata biyu ba tsiyar ta dawo kaina. Duk ranar Alhamis, in rana ta yi sanyi bayan la'asar, Lurwanu zai fito da jakar daga ɗakin ajiya, ya harhaɗa jirgin a saman soronsa, kafin magariba ya naɗe ya mayar. Da farko maƙwabta ne ke leƙowa. Daga baya har daga Sultana ake zuwa, tsofaffi da sanduna suna hawa matakala suna haki, a shimfiɗa darduma, a kawo shayi da dabino. Wani ya laƙaba masa Kaftin, sunan ya bi shi. Kaftin! Mutumin da ko tikitin Jidda bai taɓa saya ba. Ni ina nawa soron, katanga ɗaya tsakaninmu, ina gyaran tankin ruwan da babu abin da ya same shi, ina jin dariyarsu. 'Yata Sundus ta dawo daga makaranta tana gaya mini da Larabci, don ita Hausa sai dai ta ji, wai ta faɗa wa 'yan ajinsu baffanta yana da jirgi. Matata Marwa kuma ta ƙarasa ni, ta ce, “Ashe kai ka fara ganinsa ka bari?” Ranar ban ci tuwon dare ba.

Shi kuwa ba wasa yake ba. Akwai littafin Turanci da ya zo da jirgin, ya riƙa kai wa wani mai kantin magani ɗan Ilori yana fassara masa shafi-shafi. Ya samo wani tudun yashi can bayan gari ta hanyar Tabuk, duk Juma'a da sassafe ya je ya yi ta gudu da fiffiken a kafaɗa, ya gangara, ya sake hawowa. Ya ji labarin akwai mai koyarwa a duwatsun Abha, ya ce in ƙafarsa ta saba zai je can a koya masa tashi na gaske, daga kan dutse, sau ɗaya dai a rayuwarsa. Nakan raka shi. Yana zaton zumunci ne. Ni kuwa zuwa nake in ga ya sha ƙasa.

Wata Juma'a a farkon 1999 iska ta zo masa daidai. Ya sheƙo, taku biyar, shida, sai na ga ƙafafunsa suna gudu a kan babu. Ya tashi. Bai fi tsayin mutum ba, bai fi taku talatin ba, amma ya tashi, kuma ya saki wata irin kururuwa da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Sai hancin jirgin ya dunguri yashi, ya kife, hannunsa na hagu ya karye a wuyan hannu. Astagfirullah, sai da na ji sanyi a raina kafin in ruga.

Ni na kai shi asibiti, kuma ni na kai labari gida. Inna Ƙaltume, mahaifiyarsa, tana zaune tana tsince shinkafa. Da na ce ya faɗi a yashi ya karye, da an wuce wurin. Sai na ƙara gishiri. Na ce ya yi sama har ya zama ɗan mitsitsi, na ce da kansa ya bugi dutsen da ke gefe da yanzu ana haƙa kabari a maƙabartar Baƙi'a. Babu wani dutse a wurin. Ta ajiye farantin.

Da aka dawo da shi hannu a naɗe, ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, “Ubanka ya fita da safe bai dawo ba, kai ma so kake a kawo mini kai a mota? Wallahi tallahi, muddin abin nan naka ne, ba na kwana a gidanka, ba na cin abincinka.” Ta ɗaure kayanta ta koma wurin babbar 'yarta a Ƙuba.

Ya bi ta, ƙannensa suka roƙa, liman ya ce mata tana iya yin kaffara ta warware rantsuwar. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ba ta rantse don ta warware ba. Lurwanu ya tambayi liman ko zai iya ba wani ajiya. Liman ya ce a'a, abin ajiya naka ne, kyautar da ka san za a maido maka ma taka ce. Sai dai ciniki na gaskiya, da shaidu, ba sharaɗi, ba alkawarin mayarwa. Abin ya fita daga hannunka fit.

Da ya rasa wanda zai yarda da shi, wa kuke tsammani ya zo wa? Ya shigo da liman da wani maƙwabci, ya ce, “Abu Sundus, ka saya.” Na taya da arha, ya sallama ba gardama, muka yi musafaha. Da shaidu suka fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa jakar da hannunsa mai lafiya.

Ya ce, “Ba zan roƙe ka komai ba, kar cinikin ya ɓaci. Shawara ce kawai irin ta mai ɗinki. Ƙyallen nan ba ya son rana, ita ke cinye shi. A inuwa ake ajiye shi.”

Na ce, “Na ji.”

Na san abin da bai faɗa ba. Shi ma ya san na sani. Yana jiran ranar da tsohuwa za ta huce, ya zo ya saya a hannuna. Inna Ƙaltume ta dawo gida a daren da aka yi cinikin, aka yi mata dambun nama.

Sati biyu jakar tana ɗakin ajiyata. A na uku na kasa haƙuri. Na ce yanzu jirgin nawa ne, me zai hana a zo nawa soron? Matsalar ita ce ban iya harhaɗa shi ba. Yini guda na yi ina fama, na saka wannan bututu ya ƙi, na zare wancan, har sai da ya tsaya. Da na tuna wahalar da na sha, na ce ba mai sa ni kwance shi duk mako. Na sa aka kafa ƙarafa huɗu, na ɗaure shi a kai da waya, ya zama ana hango shi tun daga bakin titi. Na sayo sababbin dardumai da butar shayi mai kyau.

An zo, ba zan yi ƙarya ba. Alhamis ta farko an cika. Amma kowa ya hawo sai ya ce, “A'a, jirgin Kaftin ne nan?” Wani tsoho ya tambaye ni yadda ake juya shi hagu, na yi ta kame-kame, ya ce bari dai a kira Kaftin. Wani ya ce yaushe zan hau, aka fashe da dariya, don kowa ya san ko tsani na hau sai an riƙe mini. Alhamis ta huɗu mutum biyu suka zo. Ta biyar na ji hayaniya a ƙetaren katanga. Sun koma soron Lurwanu, inda babu komai sai tabarma da igiyar shanya, yana ba su labarin taku talatin ɗin nan, suna cewa ya sake faɗa.

Wannan ne ya sa na bar shi a rana. Ba mantuwa ba ce. Ni ɗan haraj ne, na san abin da ranar Madina ke yi wa labule da kujerar roba, ba sai an gaya mini ba. Zafi ya shigo, irin wanda ba ka iya taɓa ƙofar mota, jirgin yana nan a shanye tun daga hantsi har faɗuwar rana. Lurwanu yana ganinsa duk safiya in zai fita shago. Sau ɗaya tak ya yi magana. Muka haɗu a ƙofar masallaci bayan azahar, ya ɗaga kai ya dubi sorona, ya ce a hankali, “Abu Sundus, rana.”

Na ce, “Na saya ko ban saya ba?”

In ya ce in sauke, ya nuna har yanzu yana da iko a kai, rantsuwar uwarsa ta dawo sabuwa. Na san da haka, shi ya sa na tambaya.

Ya ce, “Ka saya.” Ya sa takalmansa ya tafi.

Bazara biyu jirgin ya yi a sama. Jan ya koma kalar garin bulo, ruwan ɗorawar ya koɗe ya zama fari. Tattabaru suka mayar da shi wurin hutu. Marwa ta ce in sauke abin nan ya zama abin kunya, sai na sauke, na cusa shi a jaka yadda na ga dama, na jefa ɗakin ajiya. Duk wannan lokacin Lurwanu bai fasa gaishe ni ba. Da kujerar motata ta yage ma shi ya ɗinke, ya ƙi karɓar ko sisi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

A ƙarshen 2001 ciwo ya kwantar da Inna Ƙaltume. Wata safiya ta kira shi ta ce ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai goma ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta ce, “Na tsare ka a shagon ubanka, na kuma tsare ka a ƙasa. Je ka karɓo abinka, ka tafi dutsen nan, ka dawo ka ba ni labari tun ina ji.”

Ya shigo gidana ko sallamar kirki bai gama ba. Mutum mai shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, yana rawar jiki. Ya ce, “Ka sayar mini.” Na ce ya duba kaya tukuna. Muka fito da jakar tsakar gida, ya zuge, ya warware ƙyallen a hankali. Ya san abin da zai gani, shekara biyu yana kallonsa ta saman katanga, amma duk da haka ya zo da guntun sa rai. Ya kama ƙyallen da hannu biyu, ya ɗora babban yatsa, ya danna kaɗan. Yatsan ya fita ta ɗaya gefen. Ya matsa gaba ya sake dannawa, ya sake fita. Ya gwada wuri na uku, kusa da ɗinkin da ya fi ƙarfi, sai ƙyallen ya tsage tsawon kamu guda ba tare da ya ja ba.

Na ce, “Kai ba maɗinki ba ne? Ka ɗinka wani.”

Ya ce, “Ba a samun irinsa a nan. Kuma mutum ba ya rataya ransa a ƙyallen tanti.”

Na tsaya ina jira ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni, ya ɗaga muryar nan sau ɗaya, ya ci kwalata, in samu abin riƙewa. Sai ya naɗe tsumman a tsanake, ya mayar cikin jaka, ya biya ni abin da na ba shi a da, ya ce in kama masa mu kai gida.

Muka shiga da jakar, aka ce Inna tana kira, har da ni. Tana kwance an tokare ta da filo, ta rame sai idanu. Ta dubi ɗanta ta ce, “Ka karɓo? Yaushe za ka tafi?”

Ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannunta. Ya ce, “Ba zai tashi ba, Inna. Ƙyallen ya mutu.”

Ta ce, “Me ya kashe shi?”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Bai ko waiwayo ya dube ni ba. Ya ce, “Ya daɗe ne kawai.”

Tsohuwar nan ta fashe da kuka, irin kukan da ba shi da ƙarfin fita. Ta ce, “Ni ce. Ni na sa ka ajiye shi shekara uku har ya ruɓe. Ka yafe mini, Lurwanu, na cuce ka.” Yana ce mata ba komai, ba ita ba ce, tana girgiza kai tana cewa ita ce. Ita da ba ta hawa soro, ba ta fita sai asibiti, ba ta taɓa ganin abin da ke saman gidana ba. Kalma biyu ta ishe ni in sauke mata wannan nauyi.

Ta share hawaye da gefen mayafi, ta juyo wurina ta miƙo hannu. Na matsa na durƙusa. Ta dafa kaina ta ce, “Kai kuma Zubairu, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe wa ɗan'uwanka amana.”

Na ce, “Amin, Inna.”

Kwana tara bayan nan ta rasu, ban gaya mata ba.